Daga Mayo zuwa Kasuwar Umdurman: neman tsofaffin hotuna



Mu uku ne, duk mutanen Maraɗi, kuma tun muna lakkol cuta ɗaya ke damunmu: tara tsofaffin tamburan wasiƙa, da tsabar kuɗin da suka daina ci, da hotunan ƴan ƙwallo na da. Iyalanmu tarkace suke ce musu. A Amurka kuwa masu irin wannan sha'awa har kasuwanni ake ci dominsu gari-gari, inda ake baje katunan ƴan wasan besbol. A 2022 an sayi katin Mickey Mantle na 1952 dala miliyan 12.6. Mu ba mu da irin wannan kasuwa, saboda haka duk inda tafiya ta kai mu sai mu shiga cigiyar tsofaffi da akwatunansu. Haka muka yi a Sudan cikin watan Fabrairu na 2014.

Masaukinmu a Mayo yake, can kudancin Khartum. Unguwar ta samo sunanta daga juyin mulkin da Ja'afar Numeiri ya yi ranar 25 ga Mayu 1969. Gidajen ƙasa ne da na jan bulo, tituna ba kwalta, jakuna na jan amalanken ruwa gida-gida. Akwai mutanen Darfur da na duwatsun Nuba da na Cadi, ga kuma Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda Larabawa ke haɗawa su kira Fallata ko Takari. Daren farko a Suk Sitta muka ga tsire a kan wuta, muka tambayi sunansa, aka ce agashe. Muka dubi juna muka yi dariya, don kalmar ba ta bukatar tafinta.

Mai masaukinmu dattijo ne, tela, Hausarsa garau sai dai Larabci na yi mata kutse. Kakansa yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna wajen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da muka gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya ce: "Ƴaƴana, ku fara zuwa Umdurman ku kashe kuɗinku. In kun dawo na nuna muku nawa."

Kafin nan mun leƙa Mafrush, kasuwar tsofaffin littattafai da ake ci a wancan lokaci ranar Talatar farko ta kowane wata a dandalin Atini, tsakiyar Khartum. A ƙasa ake shimfiɗa kaya, mutum ya tsuguna ya tona. Mun samu tsofaffin mujallun wasanni biyu, shi ke nan.

Umdurman ita ce ta biya mu wahalarmu. In ka ƙetare Farin Nilu, ka wuce ƙubbar Mahadi da gidan Halifa Abdullahi, sai ka faɗa kasuwar da ba a gane farkonta balle ƙarshenta. A layin masu kayan da, wani ɗan kasuwa ya aika aka kawo mana jabana, sa'an nan ya zazzage gwangwani a kan tire: kuɗin da aka buga a Umdurman zamanin Halifa, da tambura tuli. A ciki muka tsinci abin da muka daɗe muna nema, wato tamburin mai raƙumi. Wani hafsan Ingilishi, Kyaftin Stanton, ya zana shi, ya fito a watan Maris na 1898. Wanda ya sa madubi ya duba jakar da ke kan raƙumin zai ga an rubuta Khartum da Berber, alhali Turawa ba su ci Khartum ba sai bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba na shekarar. Kun ji ƙarfin hali: an buga sunan gari a tambur kafin a kama shi. Shekaru hamsin ana amfani da wannan zane, shi ya sa yake da yawa, kuma duk mai son ya ɗora maka shi da tsada yana raina saninka ne.

Hotunan ƙwallo sun fi wuyar ciniki, domin a Umdurman ƙwallo ba wasa ba ne. Filayen Hilal da Marrikh suna maƙwabtaka a wannan gari, shuɗi da ja, kuma kafin ɗan kasuwa ya buɗe ambulan sai ya tambaye ka wanne kake so. Muka ce mu baƙi ne. Ya ce babu baƙo a wannan magana. Sudan tana da abin alfahari a nan: a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a 1957, a nan aka buga kofin nahiyar na farko wanda Masar ta ci, a nan kuma Sudan ta ɗauki nata a 1970 bayan ta doke Gana da ci ɗaya. Ya nuna mana hotunan Jaksa da Ali Gagarin, taurarin Hilal na wancan zamani. Ɗayanmu ya shafa bayan takardar, ya kai ta hanci, ya ce wannan sabon wanki ne aka jiƙa da shayi don ya tsufa. Mai kaya bai yi fushi ba. Ya yi murmushi ya jawo wata ambulan daga ƙarƙashin tebur. A cikinta muka zaɓi hoto ɗaya mai hatimin mai ɗaukarsa a baya, na ƴan Marrikh da kofin da suka ci a 1989 a hannun Bendel United ta Nijeriya. Mun biya fiye da yadda muka faɗa wa matanmu.

Da dare, bayan lisha, dattijo ya sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa na igiya. Muna tsammanin ƴan ƙwallo, kuma akwai su: shi kansa yana saurayi, cikin rigar ƙungiyar unguwa, ƙafa ba takalmi. Amma yawancin abin da ke ciki takardu ne: rasiɗin haraji na mahaifinsa, takardar aikin auduga a gonakin Jazira, takardar tafiya hajji ta Sawakin, wasiƙun ajami daga Sakkwato da tamburansu a manne. Idonmu ya tsaya a kan tamburan, muka yi abin kunya, muka taya.

"Yaro, wannan ba na sayarwa ba ne," in ji shi. Ya bayyana mana cewa dokar ƴanƙasanci ta 1957 ta nemi mutum ya nuna iyayensa na zaune a ƙasar tun kafin 1898, su kuwa kakanninsu bayan haka suka iso. Shekara da shekaru da irin waɗannan takardu Bahaushen Sudan ke tsayawa gaban ma'aikaci yana rantsuwa shi ɗan ƙasa ne. Muka ba shi haƙuri. Ya yarda muka ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, guda 41, a kan tabarma, jikansa na riƙe da fitila.

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A ƙarshen watan Mayu na shekarar harsasan igwa suka faɗa Suk Sitta, inda muka ci agashe, suka kashe mutane. Kasuwar Umdurman an wawashe ta, wani sashe ya ƙone. Gidan tarihi na ƙasa ma bai tsira ba. Hilal da Marrikh sai a Muritaniya suka buga kakar 2024 zuwa 2025. Sojojin gwamnati sun karɓe Khartum a watan Maris na 2025, mutane suka fara komawa suna duba abin da ya rage.

Dattijo ya riga mu gidan gaskiya kafin yaƙin, Allah ya jiƙansa. Jikan nan mai riƙon fitila ne ya neme mu ta WhatsApp daga Gadarif. Ya ce da ya koma Mayo ya tarar da ɗakin ba ƙofa, akwatin a buɗe a tsakar gida, damina biyu ta bi ta kan abin da ke ciki. "Baba, ko hotunan nan suna nan?" Kwana biyu muka yi muna tonon tsohuwar kwamfuta kafin mu same su. Mun tura masa duka 41, muka kuma wanke su a takarda muka ba wani direba mai zuwa Njamena, inda ƙanwarsa take gudun hijira.