Zazzaɓin Takarda a Muizenberg

Daga Cape Town na hau jirgin ƙasa na nufi kudu, zuwa Muizenberg da ke bakin teku a Afirka ta Kudu. Lokacin hunturunsu ne, iskar teku har ƙashi take ratsawa. A wani tsohon otal da ke kusa da gaɓa cibiyar lissafi ta AIMS take, wadda Neil Turok ya kafa a 2003. Nan ake tara ɗalibai da ma'aikatan lafiya ana koya musu bin sawun annoba da kwamfuta.

Ina isa na tarar annoba ta ɓarke a cikinsu, amma ta takarda. Malamai ne suka ƙirƙire ta, suka raɗa mata Zazzaɓin Lissafi na Muizenberg. Wanda aka miƙa wa takardar a ɓoye ya kamu ke nan. Sai kwamfuta ta zaɓa masa lamba, ya harbi mutane daidai adadin, ya kai rahoto. Daga baya a tattara bayanan a binciko wa ya shafa wa wa.

A ɗakin kwamfuta na zauna kusa da wata ɗaliba da ke rubuta umarni da manhajar R. Ta kasa jama'a gida uku: masu iya kamuwa, waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke, tsarin da Kermack da McKendrick suka fitar a 1927. Ƙyanda ta sa a gaba, cutar da mutum ɗaya kan shafa wa 12 zuwa 18 inda babu rigakafi. Ta danna maɓalli, layin masu cuta ya miƙe sama. Ta kai masu rigakafi kashi 95 cikin 100, ta sake dannawa, layin ya kwanta.

"Malam, ka gani?" in ji ta. "Lamba ɗaya na canza."

Nan take hankalina ya koma gida, inda ƙyanda da sanƙarau ke addabar yaranmu da rani. Manhajar R kyauta ce, takarda kuwa ba ta gagari kowace makaranta ba. Jami'o'inmu na Kano, Zariya da Yamai za su iya wannan darasi. Ɗalibin da ya ga layin nan ya kwanta da idonsa, shi zai fi iya gamsar da iyaye su kai yara allura.