Kangon Takadda, Garin Jan Ƙarfe

Ku 'yan makaranta, in an ce tsohon gari sai ku zaci ganuwa da soraye. To, Takadda ba ta da ko ɗaya. In mutum ya tashi daga Ingal, a ƙasar Agadas, ya yi arewa, zai iske wani kango ana ce da shi Azelik. Masana sun ce nan ne Takadda.

Na zaga shi da ƙafa. Abin da ya rage sai tushen masallatai, da kaburbura, da kashin maƙera barbaje a ƙasa. Ni kuwa kashin nan ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne shaidar wutar da aka hura.

A 1353 Ibn Baɗuɗa ya sauka nan, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda. Watau su ne kuɗinsu. Sirara a sayi nama da itace, masu kauri a sayi gero da alkama. Har Gobir da Barno fatake ke kai shi. Ashe kuwa Gobirawa sun riƙe ƙarfen wannan fili.

Da garin ya mutu, sai mutanensa suka koma haƙar gishiri a Tagidda.