Hutun Lahadi A Dutsen Kura: Dokar Da Ta Taso Tun Daga Rum

Baƙon da ya sauka Minna ya nufi Dutsen Kura zai tarar unguwa biyu ce ke amsa suna ɗaya, watau Dutsen Kura Hausa da Dutsen Kura Gwari. Masallatai da majami'u suna maƙwabtaka da juna. Ran Juma'a ma'aikaci sai ya je ofis tukuna ya fito salla. Ran Lahadi kuwa ofisoshi da kotuna a rufe suke, Musulmi da Kirista duk suna hutu.

Wannan tsari ba a Minna aka ƙaga shi ba. Cikin shekarar 321 Sarkin Rum Konstantin ya kafa doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi, amma ya ɗauke wa manoma, domin shuka ba ta jira. Dokar ta zama al'adar Turai. Turawan Ingila, waɗanda suka kafa hedkwatarsu ta Arewa a Zungeru cikin 1902, su ne suka kawo ta ofisoshinmu.

Kafin Konstantin, Kiristocin Rum sun sha tsanani. Yarjejeniyar Milan ta 313 ta ba su 'yancin ibada, aka mayar musu da wuraren da aka ƙwace. Aka ɗauke wa limamansu hidimomin gari, aka yarda coci ta karɓi wasiyya.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sarki ne da kansa ya kira taron shugabannin coci a Nikiya cikin 325, ya kuma kori Ariyus, malamin da ya ƙi matsayar taron. Cikin 380 Sarki Tiyodosiyus ya umurci talakawansa su bi aƙidar Nikiya, sauran Kiristoci aka kira su ɓatattu. Hukumar da ta ɗaukaka addinin ita ce ta koma tana zaɓen wanda ke kan daidai.

Wannan tarihi ya shafi mutanen Jihar Neja. Cikin 2000 Gwamna Abdulƙadir Kure ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Cikin 2025 kuma gwamnatin Umaru Bago ta ce mai wa'azi sai ya nemi lasisi, ta kafa hujja da zaman lafiya. Kowane bangare na jin daɗi idan doka ta tsaya masa. Sai dai ya kamata limami da fasto su tuna gwamna yakan sauka, dokar da ya bari kuwa tana nan a hannun duk wanda ya gaje shi.