Daga Kasuwar Daji zuwa Tafkin Madarunfa

Kifi ne ya kai ni Madarunfa. Ƙanen mahaifina ya tsufa yana sarin bandar kifi yana kawowa Kasuwar Daji da Ƙauran Namoda, to yanzu gwiwa ta fara gardama, sai ya ce in raka shi in riƙe jaka. Muka bi ta Ƙaura muka ɗauki hanyar Zurmi. Daga nan hira ta mutu a mota saboda tsoron 'yan bindiga. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai direba ya rage gudu ya leƙo: "Yaya gaba?" Sai an ce masa lafiya lau sannan ya taka. Haka muka wuce Gurbin Ɓore, ba wanda ya nemi a tsaya ko don fitsari, har Jibiya.

Wannan dajin da muka ratsa a tsorace, keɓaɓɓe ne. Tun shekarun 1960 gwamnati ta ware shi makiyaya, aka yi madatsun ruwa don shanu. Baffa ya ce yana yaro mutum ba ya sare ɗanyen icce a ciki sai malamin daji ya ji. Yau Dumburum, da ke cikinsa, sunanta kaɗai ya isa ya watsa taro.

Muka tsallaka iyaka ta Magama, muka yi canjin sefa a Ɗan Isa, kafin a kai Maraɗi muka ratse. 'Yan kabu-kabu suka ƙarasa da mu bakin ruwa da hantsi.

Tafkin bai kai girman da na ƙiyasta ba. In ya cika yana mamaye wajen kadada 800, da rani kuma ya ja da baya ƙwarai, sai mutane su bi sawunsa suna shuka a laka. Amma cike yake da rai. Balbela ta yi fari fat a kan gawo, zalɓe na tsaye a gefe ba ya ko motsi, kirinjijiya kuwa garke-garke, in sun tashi sai ka ji fito ya cika sama. Na ga yara da danko a wuya sun wuce su ba wanda ya ɗaga hannu. Wannan ya ba ni mamaki fiye da tsuntsayen.

Wani dattijon masunci, abokin cinikin Baffa, ya sa ni a kwale-kwalensa. Ya tsaya a goshin jirgin, ya ɗora rabin birgi a kafaɗa, ya murɗa jiki ya watsa, ragar ta buɗe ta faɗa ruwa a zagaye. Da ya jawo, sai ya zauna yana tsince karfasa. Manya cikin kwando, ƙanana ya wurga su ruwa.

"Baba, ai waɗannan ma sun yi miya," na ce.

"Ɗana, in na ci su bana, mi zan kama baɗi?"

Ba halin kirki ne kaɗai ba, akwai doka. Masunci sai da takardar izini, raga mai ƙananan idanu haramun ce, kuma ma'aikatan gandun daji suna zagayawa. Gefen tafkin akwai kurmin gwamnati mai kadada 830, shi ma a hannunsu yake. A 2019 aka sa tafkin cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Masuncin bai damu da wannan suna ba. Abin da ya sani shi ne akwai mai kama shi in ya karya doka, kuma abincin gidansa na cikin ruwan.

Akwai wani mai gadin kuma da ba ya karɓar albashi. Mutanen garin sun ce waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da tafkin, ana zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, wasu ma suna ba da labarin haske da ake gani da dare a kan kaburburan. Malamanmu na gida za su yi ta cewa a kan wannan, ni dai ba alƙalanci ya kai ni ba. Nijar ta miƙa tafkin da kurmin da kaburburan tare ga UNESCO a 2006, suna jerin jiran shiga kayan tarihin duniya. Na lura ko mai neman itacen girki ba ya kusantar bishiyar da ke inuwantar da kabari.

Kada a ɗauka can aljanna ce. 'Yan bindigar da suka hana mu noma suna tsallakawa yankin Gabi da dajin Baban Rafi su kwashi shanu da mutane. Ruwan ma yana cikin wani hali. Gulbin Maraɗi, mai ba tafkin ruwa, daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Nijar, ya komo ya faɗa Rima, kogin da Gagare namu na Ƙaura da Bunsuru na Zurmi ke zuba a ciki. Tun da aka datse shi a Jibiya, ruwan da ke gangarowa ya ragu, yashi kuma kullum ƙara cike tafkin yake.

Masuncin ya kai ni tsakiya, ya zura gorar tuƙi har ta taɓa ƙasa, ya ciro ya nuna mini iyakar jiƙewarta. Ya ce yana saurayi ba a samun ƙasa a nan da wannan gorar. Baffa na can gaɓa yana ta ɗaga mana hula: masu banda sun fara kwashe kifi daga wuta, kuma dillalan Maraɗi sun iso.