Gajiyar da barci ba ya kawarwa

Shugabannin zumunta sun roƙe ni in rubuto wani abu game da aikina a nan Amurka, musamman saboda masu karatun aikin lafiya a cikinku da masu fatan fita waje. Na zaɓi in yi magana a kan gajiya, domin ita ce ba ta fitowa a hotunan da muke turowa gida.

Bari in fara da bayyana aikin, don a gida ba a san shi sosai ba. Ya yi kusa da na masu gashin ƙashi a asibiti, amma ba ɗaya ba ne. Su suna taimaka wa majinyaci ya sami ƙarfin gaɓoɓi ya tashi ya yi tafiya. Mu kuma namu shi ne ya koma ga ayyukansa na yau da kullum. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mu ne za mu koya masa sa riga da hannu ɗaya: hannun da ya raunana ake fara sawa cikin hannun riga, idan za a tuɓe kuma shi ne na ƙarshe. Tsohuwar da aka yi wa aiki a ƙugu, mu za mu nuna mata yadda za ta yi wanka a kan kujera, ta sa safa ba tare da ta sunkuya ba. Abubuwa ne ƙanana, amma a cikinsu mutuncin mutum yake.

Ni kuma ina cikin masu yin wannan aiki a tafiye. Kamfani ne ke haɗa ka da asibiti ko gidan kula da tsofaffi da ke da ƙarancin ma'aikata, ka sa hannu a kwantiragi, galibi na mako 13. Idan ya ƙare sai ka ɗaure kaya ka nufi wani gari. Kowace jiha tana da lasisinta, kowane wurin aiki yana da tsarin rubuta rahotonsa a kwamfuta. Kuɗin ya fi na mai zama wuri ɗaya, ana kuma ba ka na haya da na abinci. Sai dai wurin da ya nemi matafiyi, wuri ne da aiki ya riga ya fi ƙarfin mutanensa. Sau da yawa rana ɗaya ake nuna maka wuri, washegari a miƙo maka jerin majinyata. Akwai inda aka so kusan kowane minti na yinina ya zama ina gaban majinyaci, rubutun rahoto kuwa sai dai in nema masa lokaci a tsakankani.

Haka na yi kwantiragi 5 a jere, daga zafin Arizona zuwa sanyin Montana. A gida akwai kuɗin makarantar ƙanne, akwai maganin Baba, akwai ginin da aka fara. Wanda ya fito daga irin gidajenmu ya san ba shi kaɗai yake cin albashinsa ba. Sannu a hankali sai wani abu ya canza. Ina barcin sa'a 8 in tashi kamar ban kwanta ba. Majinyatan da a dā nake kira da sunayensu suka zama lambobin ɗaki a kaina. Wata rana wani dattijo ya ɗaure maɓallin rigarsa da kansa bayan makonni yana fama, ya ɗago yana murmushi, ni kuwa idona yana kan agogo. Ranar Lahadi na zauna a bayan majami'ar da ba wanda ya san ni, ana waƙa, bakina yana motsi, zuciyata shiru.

Wannan hali yana da suna a wurin masana. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana shi a 1974 bayan ya lura da shi a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York. Ya kwatanta shi da abin da ya ci wuta har ya ƙone ƙurmus. Daga baya Christina Maslach ta nuna yana da fuska uku: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ga mutanen da kake yi wa hidima, da jin cewa aikinka ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundinta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa. Ku lura da wannan, domin a cikinmu akan yi saurin cewa ragwanci ne, ko sanyin bangaskiya. Alhali waɗanda suka fi ba da kansu ga aiki su ne ya fi kamawa.

Abin da ya fara buɗe mini ido labarin Iliya ne, a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, shi ne saƙon Yezebel ya sa ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Ku duba abin da Allah ya fara yi masa. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka yi magana da shi, a cikin murya mai taushi bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce. A nan aka gyara masa lissafi: ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Aka kuma ba shi Elisha. Abinci da barci suka zo da farko, magana ta biyo baya, sa'an nan abokin aiki. Wanda ya yi mu daga turɓaya ya san jiki yana da iyaka.

Abin mamaki, sana'ata ma a kan wannan aka kafa ta. An kafa ƙungiyarta ta farko a Amurka a 1917, kuma a 1922 likita Adolf Meyer ya rubuta cewa lafiyar mutum tana rataye a kan daidaito tsakanin abubuwa huɗu: aiki, wasa, hutu da barci. Kullum muna koya wa masu ciwon zuciya da na huhu yadda za su yi tattalin ƙarfinsu. Mukan ce su zaɓi abin da ya fi muhimmanci, su tsara yininsu tun da safe, su zauna su yi abin da ba sai an tsaya ba, su kuma huta kafin gajiya ta kama su, domin hutun minti 10 kafin a galabaita ya fi na yini guda bayan an faɗi. Sai na ɗauki takardar da nake raba wa majinyata na cika ta da sunana.

Ga abin da ya fito daga ciki. Yanzu ina barin aƙalla mako 2 tsakanin kwantiragi da kwantiragi, ina kuma ware kuɗin waɗannan makonni tun daga albashin farko, kamar yadda manomi yake ware iri kafin a fara cin hatsi. Kafin in sa hannu nakan yi tambaya dalla-dalla: majinyata nawa a rana, akwai wani mai irin aikina a wurin, kwana nawa za a nuna mini aiki, yaushe ake rubuta rahoto. Na taɓa ƙin wurin da kuɗinsa ya fi saboda amsoshin ba su kwanta mini ba. Idan wuri ya yi kyau kuma suka nemi in ƙara, nakan ƙara, domin sabon wuri kansa yana cin ƙarfi. Rahoto ba ya bina gida. Rana ɗaya a mako ba na taɓa komai na aiki. A motata kullum akwai garin masara, kuka da daddawa, domin tuwon da na tuƙa da hannuna a baƙon gari yana yi mini abin da gurasar nan ta yi wa Iliya.

Sai maganar zumunci, wadda ta fi wuya ga matafiyi. Mako 13 Lahadi 13 ne kawai, idan ka ɓata 6 kana neman majami'ar da ta yi kama da ta gida, kusan rabi ya tafi. Don haka tun kafin in isa gari nake neman ikkilisiya, Lahadin farko in je in gabatar da kaina ga fasto, in faɗi ranar tafiyata, in nemi ƙaramin rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki. Ina kuma da 'yan'uwa biyu a gida da muke addu'a ta waya kowace Asabar, safiyata yammacinsu. Su ne ke da izinin tambayata ko na ci abinci, ko na yi barci, kuma ba sa karɓar "lafiya lau" a matsayin amsa.

Magana da iyali ita ce na fi jin tsoro. Na kira Mama na faɗa mata zan rage abin da nake turowa na wasu watanni, ginin zai ɗan dakata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce gini ba ya gudu, ita ɗanta take so ya dawo da ƙafarsa. Surukin Musa, Yetro, irin wannan shawara ya ba shi a Fitowa sura 18 da ya gan shi yana shari'a daga safe har yamma: ya raba nauyin ga shugabannin dubu, ɗari, hamsin da goma, in ba haka ba shi da jama'ar duk za su gaji.

Abu ɗaya zan ƙara da babbar murya. Idan gajiyar ta kai ga rashin cin abinci, kuka ba dalili, ko tunanin gara mutuwa, wannan ya wuce abin da hutu kaɗai zai gyara. A je a ga likita ko mai ba da shawara, a kuma faɗa wa fasto ko wani babba da aka amince da shi. Neman taimako ba ya rage bangaskiyar kowa.

Na san yawancinku ba a Amurka kuke ba. Amma akwai nas a cikinku da ke kwana uku a jere a asibiti, akwai mai bautar ƙasa a garin da bai san kowa ba, akwai wadda ita ce mawaƙa, ita ce sakatariya, ita ce malamar makarantar Lahadi. A Markus sura 6, da almajirai suka dawo daga aike, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, Yesu da kansa ya kira su gefe su huta. A wannan mako ku duba a cikin zumunta wanda kullum shi ake aika, ku karɓi aiki ɗaya daga hannunsa. Idan kuma kai ne shi, ka buɗe baki ka faɗa.

Ubangiji ya sabunta ƙarfin dukan masu hidima, ya ba mu hikimar sanin lokacin aiki da lokacin hutu. Amin.