Idan Barci Ya Ƙi Yaro: Daga Ƙidayar Raƙuma Zuwa Tasbihin Kwanciya



Idan zafin bazara ya hana ɗanka runtsawa, abu biyu ne suka fi saurin zuwa hannu: ko a razana shi da dodo, ko a miƙa masa waya. Dodo yana dasa masa tsoron abin da babu shi, hasken waya kuwa ƙara korar barcin yake yi. Ga hanya ta uku da nake bi da 'ya'yana a nan Gure.

Kwantar da shi ta gefen dama, ka ce ya rufe ido, fatauci za ku tafi. Bar shi ya zaɓi raƙuminsa, ya raɗa masa suna. Ku bar gari, ku yi ta hawan tuddan rairayi yana ƙidayawa: ɗaya, biyu, uku. Ku gangara kwarin da ake haƙar kanwa, inda dabino yake. Ya tsinko biyar, ya ba ƙanwarsa biyu, ka tambaye shi nawa suka rage. Idan ya ce raƙumin ya yi fukafukai ya tsallake duwatsun Kutus, ƙyale shi. Lissafi kaɗai za ka gyara masa. Kafin ku isa kasuwar Gidigir ya ƙirga awaki goma, za ka ji muryarsa ta fara yin nauyi.

A nan ne za ka mai da ayarin gida. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Aliyu, Allah Ya yarda da shi, cewa Nana Faɗima ta koka da wahalar niƙa, ta nemi mai hidima. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya same su sun kwanta, ya koya musu tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34, ya nuna musu hakan ya fi musu mai hidima. Aliyu bai bar shi ba ko a daren Siffin, shekara ta 37 bayan Hijira.

Yaron da ya iya goma ya riga ya kama hanya: goma sau uku da ɗoriyar uku. Kama hannunsa ku bi yatsu tare, domin ƙidayar zikiri da yatsu ita ma ta zo a hadisi. Kada ka tilasta masa cika ɗari. Ba a ɗora masa farilla ba tukuna. Idan barci ya sace shi a bakwai, kai ka ƙarasa a kansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba barci da ambaton Allah a bakinsa yana ɗan shekara biyar, da wuya ya manta ranar da ba ka kusa.

Allah Ya raya mana zuriya a kan sunna, amin.