Sun ba mu bohol, sun cike kududdufi

Zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. 🧵

Ku leƙa shafin Instagram na kamfanonin nan masu sayar da filaye da rukunin gidaje. Hoto biyu ba sa rasawa: manaja a tsugune yana dasa bishiya, da rabon shinkafa a watan azumi. Shi ke nan wai an kula da muhalli, an tallafa wa al'umma.

Ni tsara birane nake karanta, ina aji uku. Abin da ya fi zama mini a kai cikin duk laccocin da aka yi mana shi ne, ruwan sama ba ya ɓacewa. Ka tare shi nan, ya ɓullo gidan wani. Don haka in kamfani ya ce yana son muhalli, ni ba bishiya nake ƙirgawa ba, bakin lambatunsa nake nema.

Bayan layinmu a Kano akwai kududdufi tun kafin a haifi babana. Irin ramukan nan ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ginin gidaje. Ba zan yabe shi ba wallahi: wari, sauro, leda, ga fargabar yara. Amma duk ruwan da ya sauka a layukanmu can yake gangarawa ya kwanta.

Sai wani kamfani ya zo da takardunsa. Tifofi suka yi watanni suna juye ƙasa da ɓaraguzai. Kafin ka ce kwabo gidaje sun tashi, da katanga, da ƙofa, da mai gadi.

Kuma a faɗi gaskiya, sun yi mana abubuwa. Bohol mai sola, ruwansa garau, har mun rage sayen jarka wajen 'yan garuwa. Sun gyara rufin islamiyya. Sun jera darbejiya a bakin titi. Hajiyarmu har albarka ta sa musu.

Daminar da ta biyo, cikin watan Agusta, ruwa ya shiga ɗakin Hajiya har gwiwa. Katifa, buhun masara, takardun makarantar ƙannena. Katangar maƙwabcinmu ta kwanta cikin dare, Allah ya kiyaye ba kowa a gindinta.

Cikin rukunin gidajen fa? Ko takalmi bai jiƙe ba. Sun ɗaga ƙasarsu sama da titi, lambatunsu kuma bakinsa waje yake kallo. Wato har ruwan rufinsu mu ke karɓa.

In ka tambaye su za su ce ai sun tuntuɓi al'umma. Eh, sun zauna da mai unguwa da dattawa, amma lokacin an riga an ci rabin ramin. Tambayar da suka yi ita ce "me kuke so mu yi muku?" Wa zai ce ba ya son bohol? Ba wanda ya ce "ina ruwanku yake bi?" Matan da ke kwana kwasar ruwa da bokiti, su da suka fi kowa sanin amsar, ba a kira ko ɗaya ba.

Abin haushin, akwai doka. Tun 1992 Najeriya ke da dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli. Ana rubuta rahoto kafin a fara, a ajiye shi kwana 21 na aiki inda jama'a za su karanta su yi ƙorafi. Ku gaya mini, cikinku wa ya taɓa ganin irin rahoton nan da idonsa?

Ga kuma dokar filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Mai takarda shi ke da magana. Mu da kududdufin ya yi wa aiki shekara da shekaru ba mu da ko ƙyallen takarda a kansa.

Kada ku ɗauka matsalar ƙananan kamfanoni ce kawai. Wannan muhawarar har a ɗaya daga cikin manyan ayyuka a ƙasar nan ana yin ta, wato Eko Atlantic a Legas.

Kamfanin South Energyx ne, na rukunin Chagoury, tare da gwamnatin jihar. Yashi suka yaso daga teku suka yi sabuwar ƙasa, an tsara ta kai murabba'in mita miliyan 10. Aka kare ta da ganuwa mai tsawon kilomita 8.5 a tsari, da curin kankare mai tan 5 kowanne. A 2013 Jonathan da Bill Clinton duk sun je bikin.

Su hujjarsu mai ƙarfi ce. Tun duwatsun da Turawa suka jera a bakin tashar jirgin ruwa tsakanin 1908 da 1912 yashi ya daina isowa Bar Beach, teku ya yi ta cin gaɓa har yana hawa titin Ahmadu Bello. Ganuwar ta tsayar da wannan. Ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma ƙauyukan gabas da wurin, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa teku ya ƙaro musu ƙarfi, yana cin gidajensu. Kamfanin ya ce zaizayar ta girmi aikinsa. Ni dai ranar da malaminmu ya nuna taswirar, layinmu na gani.

Ba cewa nake kar a yi gini ba fa. Kano na buƙatar gidaje, ni ma in na samu hali ba zan ƙi zama a irin wurin ba. Amma da sun bar ko kashi ɗaya cikin huɗu na ramin a matsayin matattarar ruwa, sun kewaye shi, da gida biyu ko uku kawai za su rasa.

Ranar Asabar wakilinsu zai zo ƙofar mai unguwa, an ce bohol na biyu suke son yi. Mu matasa mun rubuta buƙata ɗaya tak: kwalbati da lambatu daga ƙarshen layinmu zuwa babbar magudana, kafin watan Yuni. Na auna tazarar da tef na zana musu, Hajiya da maƙwabtanta kuma sun ce wannan karon da su za a zauna.

In akwai injiniyan ruwa ko lauya a nan da zai duba mana takardar kafin Juma'a, don Allah ya yi mini magana ta DM.